Ni Na Cinye Sunayen Mutanen Tarka

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, har yau a Tanut akwai masu cewa na'urar Rabi ce ta cinye sunayen mutanen Tarka. Wasu ma su ce Rabi ce da kanta. Ƙarya ce, kuma duk wanda ya sake faɗa a gabana sai mun yi. Ni na cinye su. Ku 'yan matan da ke aiki a biro, wato ofis, yanzu, don ku nake wannan rubutu, da hannun da bai riƙe alƙalami ba sai da mai shi ta haura arba'in.

Da can ni mai sayar da fura ce a kasuwar Belbeji. Mijina ya rasu, farin da ya share dabbobin Damargu kuma ya tafi da nonon da nake damu da shi. Baki kaɗai ya rage mini. Ina jin Fillanci, ina jin Tamajak, kuma babu rijiyar da ban san masu shayarwa a bakinta ba, daga Belbeji har kwarin Tarka. Da wani furoje, wato shirin agaji, ya zo Tanut wajen ƙarshen shekarun tamanin don mayar wa makiyaya tumaki, sai suka ɗauke ni tafinta. Tsarin irin habbanayen Fulani ne: a ba ka tunkiya, ta haifa maka, ka miƙa uwar ga wani. Amma fa sai sunanka ya shiga jeri.

Jerin yana hannun Rabi, sakatariyar furojen. 'Yar Damagaram ce, siririya, dariyarta ba ta da wuya. Tun ranar farko ta ce mini Yaya, kuma ba ta taɓa cin abincin rana ba tare da ta ture mini rabin kwanon ba. Mukan fita daji da mota, ina tambaya ana rubutawa: sunan mutum, sunan ubansa, rijiyarsa, da irin yankan kunnen dabbobinsa. In mun dawo Rabi ta zauna gaban na'urar da suke ce wa ordinatar, wadda ku kuke ce wa kwamfuta, ta buga su ɗaya bayan ɗaya suna fitowa kore a kan gilashi. Ni ke lulluɓe na'urar da tsohon zanena in an tashi. Rabi takan ce na fi kula da ita a kan yadda nake kula da kaina, ni kuma in ce ai ita ba ta mayar mini da magana kamar wata.

Ɓarnata ta fara da takarda. Duk wadda Rabi ta gama bugawa ana jibge ta a ɗakin ajiya, sai na riƙa ɗiba ina kai wa mai ƙosan bakin tasha. Na ce a raina, ai sunayen sun shiga cikin na'ura, me takarda za ta yi kuma? Daga nan wata mata a Tarka ta ba ni cuku biyu, ta ce in sa baki a tuna da ita. Na karɓa. Sati na zagayowa ni ce nake faɗa wa mata cewa na'urar ba ta riƙe sunan wanda bai gaishe ta ba. Cuku ya koma man shanu, man shanu ya koma 'yar akuya. Da na ga ba wanda ya ɗaga ido, sai na fara ƙara sunayen matattu da na waɗanda suka daɗe da yin arewa, da niyyar in tura mutanena su karɓi tumakin. Rabi tana buga duk abin da na kawo. Ba ta taɓa tambayata ba, don Yayarta ce ta faɗa.

Sai aka kawo sabon darakta, mutum marar yawan magana. Ya ce kafin a raba tumakin Tarka za a bi rijiya rijiya ana kiran suna, mai shi yana amsawa. Ranar ko rabin kwanon Rabi ban iya ci ba.

A makon ne na'urar ta kwanta ciwo. Ta riƙa tsayawa ana cikin aiki, rubutu yana hargitsewa. Aka kira mai gyara daga Damagaram. Ya dudduba ya ce ba makawa sai an share cikinta tas, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani da faya-fayan da ta zo da su, sannan a zuba mata sunayen daga baya. Ya ce wa Rabi ta fara kwashe kome a faifai, ta gwada kowane ɗaya ta ga yana buɗewa, kuma ta yi kashi biyu. Faya-fayan da ke biro ba su isa kashi biyu ba. Aka ce ɗaya ma ya isa, ai daga safe zuwa la'asar ne.

Rabi ta gama kwashewa da hantsi, ta jera su a ɗan akwatin roba, ta ɗaga mini shi tana murmushi.

"Yaya, ga mutanenki nan duka, har da masu rowar nono. Ki gaishe su."

Mai gyara ya share na'urar a gabana. Ya sa faya-fayan kamfani, ta farka sabuwa fil, ba ta san kowa ba. Aka ce a je hutun rana, in an dawo a zuba sunaye. Ni na tsaya lulluɓe ta. Na lulluɓe ta, na kuma lulluɓe akwatin robar a ƙarƙashin mayafina. Lissafina shi ne, in babu jeri babu kiran suna. Ban yi tunanin cewa matattuna 'yan kaɗan ne a cikin rayayyu masu yawa ba. Ko kuwa na yi, na kau da kai. A gida na soke akwatin a ƙarƙashin kwanon rufin ɗakina, a tsakiyar bazara.

Da la'asar Rabi ta juye biro kaf. Aka ce a koma ga takardu, aka tarar da ɗakin ajiya sai ƙura. Darakta ya dakatar da ita. Gari ya ɗauka cewa ta sayar da jerin. Ta zo gidana ta sa kai a cinyata tana kuka, ina shafa mata baya, akwatin yana bisa kanmu. Wannan ko zaman kason da na yi daga baya bai wanke mini shi ba.

Wadda ta tona ni wata tsohuwa ce, Inna Dudu, da ta taho tun daga Tarka a kan jaki. Ta ji an ce na'ura ta manta da mutane, sai ta zo da wata 'yar akuya ta ce wa darakta a sake gaishe ta, don ta farkon da ta ba tafinta da alama ba ta isa ba. Jandarmomi suka bincike ɗakina. Faya-fayan sun lanƙwashe da zafi kamar ganyen da aka shanya. Mai gyara ya gwada su duka, ko ɗaya bai buɗe ba. Alƙali ya yanke mini shekara guda da 'yan watanni.

An mayar da Rabi aikinta, amma bakin mutane bai mayar mata da sunanta ba. Ban zaci zan sake ganinta ba. Lahadi ta uku da shigata kaso sai ga ta da kwano da allo da alli. Na juya mata baya na ce ta tafi. Ta zauna ta buɗe kwanon, ta ce ita dai ba ta iya cin abinci ita kaɗai, ni na lalata ta da haka. Da muka ci, ta faɗa mini cewa makiyayan sun watse, ba wanda ya san wa ke ina, kuma furojen zai rufe bayan daminar baɗi. In ba a samu jeri ba, tumakin Tarka za su tafi wani wuri.

Na ce mata duk suna cikin kaina. Mu da ba mu yi lakwal ba, wato makarantar boko, kai ne akwatinmu. Na ce ta ɗauko alƙalami ta rubuta.

"A'a, Yaya," in ji ta. "In na kai jeri da hannuna cewa za a yi ni na ƙirƙira. Hannun da ya ɓatar da su shi zai dawo da su. Kama allin nan."

Na zage ta. Na ce ta ga inda aka koya wa tsohuwar jaka rawa? Ta ce jakar da ta iya harshe uku ba za ta gagara haruffa ba. Haka muka yi ta yi kowace Lahadi. Tana dukan yatsuna da alli in na juya harafi baya, ina ce mata marar kunya. Wata huɗu kafin in rubuta sunan mutum ba tare da ta gyara ba. Daga allo na koma kaye, wato littafin rubutu. Na bi rijiyoyin a kaina yadda muka bi su da mota, kowane gida da yankan kunnen dabbobinsa. Duk inda na zo kan sunan da na ƙara, sai in tsallake, in nemi gafarar Allah da ta mamacin. Da na cika kaye, Rabi ta kawo wani sabo ta ce in sake kwafewa daga farko, ɗaya ya kwana a gidanta. Na ce hannuna ya gaji. Ta ce wannan karon ba mai ce mata ɗaya ya isa.

To, 'ya'yana, ga abin da zan ce muku. Ban fara da tumaki ba, da takardar ƙosai na fara, kuma kowane mataki na samo masa hujja mai daɗin ji. In an ba ku ajiyar sunayen mutane, ku sani abincin gidajensu ne a hannunku. Kada ku bar a share na'ura sai ajiyar ta zama biyu, a gida biyu, kun gwada kowace da idonku. Kuma wadda ta yarda da ku har ba ta duba bayanku, ita ce wadda cutarta ta fi nauyi ranar hisabi. Ni na ci sa'a tawa mai ture kwano ce. Ba kowa ke samun irinta ba.

An sake ni wata ranar Talata bayan azahar, hadarin farko yana haɗuwa a gabas. A gidan Rabi na sauka. Ta ce in huta kwana biyu tukuna, na ce na huta shekara guda.

Washegari na riga mai gadi isa ƙofar biro. Da darakta ya zo na bi shi ciki ba tare da an ce in shigo ba, na ajiye kayen a kan teburinsa.

"Ga mutanen Tarka, babu matacce ko ɗaya. Na san maganar ɓarauniya ba ta da nauyi. Sa ni a mota mu bi rijiyoyin, ka kira da bakinka. Sunan da ba a amsa ba, ka mayar da ni inda na fito."

Ya daɗe yana bin karkataccen rubutuna da yatsa, shafi bayan shafi. Sannan ya leƙa taga ya ce a kira direba.