Kang Ukar, Ka Tafi Ba Ka Sallami Bishiyarka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina Kang Ukar a nan ƙauyenmu na Cikadu, sanadin zazzaɓin da ya yi ta rantse mana cewa ba komai ba ne.

Kang, zan yi maka addu'a, amma bari in fara faɗin abin da ke cina. Shekara da shekaru muna fargabar ranar da za ka faɗo daga bishiyar kawung, doguwar nan mai kama da giginya mai ba da ruwan zaƙi, kana hawa da tsanin nan naka na gora ɗaya tal, wanda babban yatsan ƙafa kawai ke shiga ramukansa. Ba ka faɗo ba. A kan tabarma ka cika, bayan na yi maka magiyar zuwa asibiti har bakina ya gaji. Cewa ka yi, in ka kwana a can wa zai sauke ruwan yamma? To ga shi yanzu, wa zai sauke?

Kuma don tsabar taurin kai, kana cikin ciwon ka yanka sabon reshen fure. Kowa ya san reshen da aka yanka sai ana fere bakinsa safe da yamma ruwan zaƙinsa ke ci gaba da ɗiga. In ya bushe shi ke nan, kuma bishiyarka ta tsufa, ba lallai ta fitar da wani ba. Wannan ruwan ne matarka Iroh ke dafawa ta yi mazarƙwaila, da ita gidanka ke cin shinkafa.

Ban taɓa ganin mai alheri da ɗaure fuska irinka ba. Da iska ta yaye rufin ɗakin awakina, ba wanda ya kira ka, ka zo da igiya ka hau. Kana ɗaurewa kana tsine wa wanda ya yi rufin farko, alhali ka san ni ne. Da matata ta kwanta ciwo, kullum sai mun tarar da gorar ruwan kawung mai sanyi a bakin ƙofa, kai kuwa ka wuce ko sallama babu.

Hirarka duk ta bishiya ce. Sau nawa ina yankan ciyawa a ƙasa ina jin ka a sama kana ba ta labari: rogo ya yi ƙwari, baunar noma na ɗingishi, tukunyar Iroh ta tsage, kajin Entis sun sake tone shuka. Ni ne Entis ɗin, kuma kana kallona kake faɗa. Mu dai mun san kawung na da fushi, ba ta ba baƙon hannu ruwa, har sabuwar riga takan ƙi. Shi ya sa na sha ce maka ka riƙa hawa da ɗanka Dadang ta saba da shi. Ka ce hannunsa ya yi nauyi. Ka kore shi da mita har ya tafi birnin Bandung yana acaɓa.

Washegarin jana'izarka Dadang ya hau, ya fere, ya rataya gora. Da yamma ya sauko da ita a bushe. Aka ɗauko masa tsohuwar rigarka ta hawa, wadda ko ƙuda ke gudunta, ya sa. Nan ma ko ɗigo. Iroh ta riƙa share murhun da ba a hura ba, kuma wannan ya fi kuka ciwo.

Ranar da na ga bakin reshen ya fara baƙi, na bi Dadang na riƙe masa tsani. Ya hau ya tsaya shiru kamar an aike shi gidan surukai.

Na ɗaga murya na ce, "Kai Dadang, bebe ne kai? Yi mata magana mana!"

Ya ce, "Kawu Entis, ni me zan ce wa icce?"

Na ce, "Oho maka! Kai da ke cika fasinja da surutu, yau ka rasa ta cewa?"

Ya juya ga reshen. Can na ji ya ce, a hankali, "Abah ba zai zo ba. Abah ya rasu. Ni ne ɗansa."

Kang, mutumin nan ya yi maka wanka, ya shiga kabarinka, bai zubar da hawaye ba. A saman gora ɗaya ya ga damar fashewa da kuka, tsani na rawa a hannuna, ina ta yi masa tsawa ya riƙe da kyau, ni ma ba na ganin gabana.

Da safe ya sauko da ruwan da bai cika kofin shayi ba. Iroh ta leƙa gorar, ta ce ya miƙo mata itace. Ta hura wuta.

Allah Ya jiƙanka, Kang, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai abin da ya fi wanda ka shayar da mu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Iroh da Dadang da dangi baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsare ƙafar Dadang a kan tsanin nan, don ya ce ba zai koma Bandung ba.