Tulun Mama

Shekara guda bayan rasuwar Mama, Baba ya ce in raka shi kasuwa zai sayi sifika. Na ɗauka kunnena ne bai ji daidai ba. Mutumin da ya ƙare aikin koyarwa da takalmi ƙafa biyu, wanda ko fitila aka bari a kunne sai ya yi mana wa'azi, shi ne yau yake son irin manyan sifikun da sababbin ma'aikata ke jibgewa a falo tun da Jalingo ta zama babban birnin jiha. Lokacin ina aiki a sakatariya, ina ganin kaina wayayya, sai na ce ya bar mini zaɓen.

Kaset ɗaya tak yake son ji. An ɗauke shi ne a cocinmu na unguwar Barade ranar taron zumuntar mata, mata wajen talatin suna waƙa, Mama a cikinsu. Ban da shi, ba mu da wani abu da ya riƙe sautinta. Kowace yamma Baba yakan sa shi a 'yar rakodarsa, ya kara kunne har ya ƙare, sannan ya kashe ya ce, "Ba ta fito ba." Ni kuwa na riga malam masallaci, na yanke cewa muryarta yake nema, ban ko tambaye shi ba. Halina ke nan tun ina ƙarama.

Muka je shagon wani Alhaji, dattijo, wanda iyayensa suka zo daga Kano da fatauci. A wancan zamanin hanyar zaɓen sifika biyu ce. Ka ɗaga ta ka ji nauyi, don an ce mai nauyi ita ce mai babban maganaɗisu. Sannan a sa kiɗan disko a ƙure, in kwanon rufi ya hau rawa, to ta yi. Alhaji ya fara neman kaset ɗin gwaji, sai Baba ya zaro nasa daga aljihu, naɗe a hankici.

"Da wannan za a gwada," in ji shi.

Alhaji ya karanta rubutun jikinsa, ya ga waƙar coci ce. Ya goge kan na'urar da auduga kafin ya sa, abin da har yau nake gode masa a kai.

Ni na karɓe ragamar. Na ce a ƙara kaifin sauti don muryoyi su fito tar. Aka gwada ta farko, aka gwada ta biyu, aka jawo wata ƙatuwa da ta kai mini ƙugu. Muryoyin matan suka cika shagon, har masu wucewa suna leƙowa. Baba yana zaune a benci, hularsa a gwiwa, yana girgiza kai. Kowace mayarwa kuma gabana faɗuwa yake, don kaset ɗin ya tsufa, ba mu da wani. Raina ya ɓaci.

"Baba, mata talatin ne fa. Babu sifikar da za ta tsamo maka murya ɗaya a ciki."

Ya juyo ya dube ni.

"Wa ya ce maki murya nake nema? Mamanki bai iya waƙa ba, kowa ya sani. Tulu ne nata."

Kunya ta rufe ni. Na sani sarai. Na tashi ina ganinta a layin baya, tulun ƙasa a tsakanin ƙafafunta, tana buga bakinsa da tafin hannu. Amma ban taɓa lissafa wannan a matsayin sautinta ba. Amon tulu a ƙasa yake, can ciki, irin wanda ƙaramar rakoda ba ta iya fitarwa. Shekara guda Baba yana sauraron waƙar da babu matarsa a ciki, ni kuma na zo ina ƙara ture ta baya.

Alhaji ya ce, "Malam, ai da ka faɗa tun farko." Ya shiga ciki ya fito da wasu guda biyu na katako, ba su kai waɗancan girma ba, ba su da ƙyalƙyali. Ya janye su daga bango, ya mayar da kaifin da na sa aka ƙara, ya rage ƙarar. Ya leƙa ya roƙi maƙwabcinsa ya kashe nasa kiɗan na ɗan lokaci.

Sai ga shi. A ƙarƙashin muryoyin, wani amo mai zurfi yana tafiya a hankali, kamar ana daka a gida na uku.

Baba ya ɗaga yatsa. "Ga ta nan. Kin ji? Kullum sai ta makara kaɗan, sai ta buga biyu ta kamo su."

Na ji. Ta makara, ta buga biyu. Haka take a komai, ko fita coci sai mun jira ta a ƙofa. Na juya na fuskanci bango don kada Alhaji ya ga fuskata. Baba bai ɗaga sifikun ya ji nauyi ba, bai tambayi ƙasar da aka ƙera su ba. Ya ce a ɗaure.

Da la'asar muka haɗa su a falo. Tulun yana kusurwar da yake tun ranar jana'iza, an rufe bakinsa da zanen zumunta, ba mai taɓa shi. Baba ya sa kaset ɗin. Da aka zo wurin bugun, sai na ji wani gunji siriri daga kusurwar, tulun yana ɗaukar amon sifikar yana mayarwa. Na san iska ce kawai ke kai kawo a cikinsa, amma tsigar jikina ta tashi. Na miƙe zan fitar da shi tsakar gida.

Baba ya riƙe hannuna. Ya tashi da kansa, ya yaye zanen daga bakin tulun, ya ninke shi, ya dawo ya zauna.

"Bar ta ta amsa," ya ce.