Abin da Ke Farkawa Cikin Taro

Daga benci, direban asibiti yana hango wata ma'aikaciya a ɗakin gwaji. Farar rigarta ta yi mata yawa, ga takalmin jariri rataye da makullinta.

Tana ɗaga farantin gilashi tana nuna wa mai shara. "Baba, bakteriya da sinadari suke hira, ƙwayar bairos da ke cikinsu tana saurare. In ba kowa, sai ta yi lamo. Da ta ji sun taru, sai ta farka ta fasa su."

Wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka.

"Yaya, kada ku jira ni a taron sunan. Ni kaɗai ina daurewa, cikinku ne nake kasawa."

Tana shafa takalmin. Direban ya lura sabo ne fil, bai taɓa taka ƙasa ba.