Alkawarin Kawu Magini

Kawuna magini ne, yayan mahaifiyata, kuma ban taɓa ba da labarinsa raina bai ɓaci ba, don haka a yi mini haƙuri tun yanzu.

Shekara arba'in ya yi yana riƙe da cokalin gini. Gajere ne, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka saboda ɗaukar bulo. Tafin hannunsa kuwa siminti ya cinye shi, har mukan tsokane shi mu ce ya daina shafa kan jarirai kada ya yi musu aski. Bai yi karatu mai nisa ba. Sunansa kaɗai yake iya rubutawa, shi ma sai ya ɗan fito da harshe. Amma a unguwarmu in Kawu ya ce katangarka za ta tashi ranar Laraba, to ka tanadi ƙofa tun Talata. Abin da ya mallaka a duniya ke nan: ɗaki biyu, tsohon keke, da maganar da ba ta tashi.

Ɗan Katolika ne tun yana yaro, benci na uku daga gaba wurin zamansa ne duk Lahadi. Wata shekara tsohon Fada, wanda ya daɗe a cocinmu har ya san sunan awakin kowa, ya ce yana so a gina makarantar firamare a filin da ke bayan coci. Aka yi baiko, wato tara gudummawa a coci, sau uku, abin da aka samu bai kai ko simintin tushe ba. Sai Fada ya kira Kawu da Katekis, mai koyar da addini a cocin, zuwa ofishinsa.

"Magini," in ji Fada, "mutanenmu ba su da kuɗi, amma suna da hannuwa. Ka bi gida gida ka gaya musu, duk gidan da ya ba da aikin kwana talatin, 'ya'yansa za su yi karatu a nan, ba mai korar su don kuɗi."

"In faɗa da bakina, Fada?"

"Da bakinka. Kai suke ji."

Katekis ya gyara tabarau ya ce ko a ɗan rubuta, Fada ya sa hannu. Kawu ya dube shi kamar ya zage shi.

"Maganar Fada da tawa ce sai an kawo takarda? Katekis, ka raina mu."

Aka yi dariya aka tashi. Kawu ya sha ba mu wannan labari da alfahari, yana kwaikwayon yadda Katekis ya ji kunya. Yanzu ya daina.

Wata uku yana yawo. Ya taso daga aiki da yamma, ya wanke ƙafa, ya hau keke. Bai bar gidan ɗan coci ba, bai bar na maƙwabtan da ba sa zuwa coci ba. Wanda ya fi ba shi wuya shi ne Kafinta, amininsa na shekara talatin, wanda kusan duk ginin da Kawu ya ɗaga shi ke yi masa rufi. Kafinta yana da 'ya'ya huɗu, kuma mutum ne da ba a yi masa daɗin baki.

"Magini, ni fa na ga makarantu irin wannan. Talaka ya gina, mai mota ya kawo ɗansa."

"Ka san ni?"

"Na san ka."

"To ni na ce maka."

Kafinta ya ajiye zarto ya ce shi ke nan. Ba kwana talatin ya yi ba, ya fi ɗari. Kwana biyu a mako yake rufe shago. Katakon rufi, ƙofofi, tagogi, bencina, duk aikin hannunsa ne. Wata mai wanki da mijinta ya rasu ta yi rani biyu tana jido ruwa a ka daga famfon bakin titi. Mai faci ya haƙa tushe har hannunsa ya yi kanta. Ni kaina na kwaɓa siminti, kuma Kawu ya ce bai taɓa ganin kwaɓi marar kai irin nawa ba. Cikin shekara biyu aji shida suka tsaya, da ofis, da ɗan ɗakin ajiya, fes da su, har masu wucewa a mota suna rage gudu su duba.

Saura wata ɗaya a buɗe makaranta aka canja wa tsohon Fada wurin aiki. Sabon da aka kawo matashi ne, ba mugu ba, amma bai san kowa ba, sai ya miƙa makarantar ga kwamiti. Shugaban kwamitin wani mai shagon magani ne, kuma Kawu ne uban baftismarsa. Shi ya riƙe shi yana jinjiri aka zuba masa ruwa a ka. Da muka ji sai muka ce an gama, nama ya faɗo a hannunmu.

Kwamiti suka zauna suka ga ginin ya yi kyau, yana bakin titi, masu hali za su biya. Suka yanka kuɗin makaranta, suka ƙara da jarrabawar shiga da kayan makaranta da sai a shago ɗaya ake saye. Hujjarsu ita ce malamai ba bulo za su ci ba. Gaskiya ne wannan, ban musa ba. Amma ko mutum ɗaya a cikinsu bai ce a kira waɗanda suka yi ginin a zauna a nemi mafita ba.

Ranar ɗaukar yara Kafinta ya zo da 'ya'yansa huɗu, an yi musu wanka an shafa musu mai. Akawu ya miƙa masa takardar kuɗi. Kafinta bai yi hayaniya ba, ya aika a kira Kawu. Kawu ya zo daga wurin aiki, siminti har gwiwa, ya shiga ofishin da shi ya yi wa shafe da hannunsa.

Shugaban kwamiti ya miƙe ya ba shi kujera. "Baba, sannu. Ai mun san wahalar da ka sha."

"Ba wahalata na zo faɗa ba, ɗana. An yi wa mutanen nan alkawari."

"Wa ya yi?"

"Fada. Ya aike ni."

"To Baba, a kawo takarda. Ko layi ɗaya ne, mu kuma mu bi."

Kawu ya ce a kira tsohon Fada a waya. Aka kira, aka buɗe murya kowa na ji. Fada ya yi ta gaishe-gaishe, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce yanzu shi ba shi da ta cewa a can, an naɗa wasu, a yi haƙuri, zai sa kowa a addu'a. Bai ce bai faɗa ba, bai kuma ce ya faɗa ba. Katekis yana tsaye a bakin ƙofa, shi da aka yi maganar a gabansa, ya sunkuyar da kai yana goge tabarau.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na yafe. Ranar Lahadi, lokacin sanarwa, shugaban kwamiti ya hau ya karanta cewa coci ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin karatu kyauta ba, kuma in wani ya bi gidaje ya faɗi haka, ra'ayin kansa ne. Wani! Mutumin da ya riƙe ka a gaban bagaden coci ranar baftismarka shi ne wani? Cocin gaba ɗaya ta juya ta dubi benci na uku. Kawu bai motsa ba. Na so in miƙe in yi magana, mahaifiyata ta danne mini cinya har sai da na ji zafi. Ban taɓa jin an ci amanar mutum a bainar jama'a irin ta ranar ba.

Kawu bai bar coci ba. Ya ce ba don kwamiti yake zuwa ba. Abin da ya yi shi ne ya sake hawa keke, ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Mai wanki ta ce ta yafe, amma a tsaye ta faɗa, ba ta ce ya shigo ba. Wasu suka ce ai tun farko bakinsu ɗaya da kwamiti, an ba shi nasa a ɓoye. Aikin Kawu ya fara ja baya. Mutanen da a da suke jiran layinsa wata biyu suka koma kiran wasu. Makaranta kuwa ta cika, da safe motoci har bakin famfo.

Bayan kamar wata shida ina tare da shi, na rako shi asibiti saboda ciwon baya, muka biyo ta ƙofar gidan Kafinta. Sai ga yashi a zube, ga bulo, ga wani magini da ba mu sani ba yana ɗaga ɗaki a tsakar gida. Kafinta yana zaune a kan benci yana kallo.

Kawu ya tsaya. Na ja hannunsa, ya ƙi. Ya daɗe yana duban ginin da ido ɗaya a rufe, yadda yake yi in yana awo. Ya yi sallama, Kafinta ya amsa bai tashi ba.

"Abokina," in ji Kawu, murya ƙasa ƙasa don kada maginin ya ji, "kusurwar nan ta karkace. In aka kai linta, saman ƙofa da taga, a haka, rufinka ba zai zauna ba. Bari in zo gobe in gyara maka, ba sai ka ba ni komai ba."

Kafinta ya dubi kusurwar. Ya gani sarai, ai shi ma aikinsa ne. Sannan ya dubi Kawu.

"Bar ta a karkace, Magini. Shi wannan bai yi mini alkawarin komai ba."