Babana Ba Gobe Da Safe Ba Ne

Kun kalli fim ɗin barkwancin nan da aka ɗauka a layinmu? Kun tuna telan nan mai tsohon keke da tabarau ɗaure da zare? To babana ne, kuma wallahi ku tsaya ku ji kafin ku sake yin dariya.

Shekara ashirin da biyu yana ɗinki a shago ɗaya, ɗan ƙarami ne, in ya miƙa hannu sai ya taɓa bango biyu, kuma bai taɓa saɓa ranar da ya ba mutum ba, ko zazzaɓi yake yi sai ya gama. Rannan masu fim suka zo, daraktan ya ce Baba don Allah ka zauna yadda kake, kawai ka kalli kyamara ka ce "gobe da safe". Ya faɗa. Suka ce canza riga ka sake. Sau shida yana canza riga yana faɗa, shi duk zatonsa hoton ne bai fita ba, har ruwan sanyi ya aika aka kawo musu.

Ashe haɗawa za su yi ya zama kwana shida wani ango yana zuwa karɓar kaya tela yana masa ƙarya!

Fim ya fita, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, a rediyo wani ya ce labarin ba kai ba gindi, barkwancin duk ihu ne, amma telan nan shi kaɗai ne abin kallo. Wata kuma ta rubuta a waya wai "wannan ba kwaikwayo yake ba, daga ganin idonsa ka san ya saba". Yabo ne fa wai. Mama ta ce yabon da ya hana mu cin abinci.

Yanzu ko masallaci zai je sai mai faci ya ɗaga murya, "Gobe da safe, an fito?" Mai aski ya amsa, "Bar shi, sallar ma sai gobe da safe!" Baba ya yi murmushi ya koma shago ya ja labule. Ba zai iya tashi daga layin ba, duk inda ya je an ga fuskarsa, kuma kalmar ma ta gagare shi faɗa ko da gaskiya ce, sai ka ji yana cewa "bayan kwana ɗaya, kafin rana ta ɗaga".

Sati uku ba wanda ya kawo ko tsagewar aljihu sai wata malamar makaranta, ta kawo yadin rigar ɗiyarta ta ce yaushe zan dawo Baba? Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa, sai kalmar ta kuɓuce masa. Ta yi dariya ta ce na gane, ta tafi.

Kafin la'asar ya gama, ya goge, ya rataye a bakin ƙofa. Yau kwana tara ba ta zo ba, ta ɗauka wasa ne irin na fim. Kullum sai ya kakkaɓe ƙurar rigar ya sake gogewa, ko abinci a shago yake ci kar ta zo ba ya nan.

Ba mu da lambarta. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa wani har ya isa gare ta, a ce mata rigar shuɗiya mai maɓalli huɗu ta gamu tun ranar, ta zo ta karɓa a gaban mutanen layi.