Ƙofar da na ja ranar Laraba

Na daɗe ina ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Kwararafa cikin Jos, kuma maƙwabciyata ba ta taɓa canzawa ba: wata mata ce 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da bokitai da robobi. Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini Oga Tela. Mun yi faɗa a kan shara, mun yi a kan ƙarar rediyona, amma akwai alkawari ɗaya a tsakaninmu da ba mu taɓa wasa da shi ba.

Bayan wani rikici da ya ci shaguna a garin ne ta same ni ta ce da 'yar Hausarta, "Oga Tela, kai zai ji labari kafin ni. In gari ya lalace, kada ka zo wurina, mutane zai gani. Ja ƙofa kawai, ni zai gane."

Gaskiyarta. A unguwar Ali Kazaure nake zaune, in abu ya taso ta wajenmu wayata ce ke fara ƙara. Ita kuwa gidanta da nisa, sai ta ratsa unguwannin da ba a son ganin irinta ranar tashin hankali. Minti goma a wurinta rai ne. Ƙofata ta ƙarfe ce, irin wadda ake jawowa daga sama, in ta sauko duk layin sai ya ji. Sau biyu na ja ta da rana tsaka, sau biyun Madam ta isa gida lafiya.

Gari ya lafa, ni ban lafa ba. Ina cikin taka keken ɗinki sai gabana ya faɗi haka siddan. Zuciya ta hau duka, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya tsaya a maƙogwaro. Na ɗauka hawan jini ne, aka auna aka ce lafiya lau. Maiɗakina ta ce shayi ne ya yi mini yawa. Daga nan na ja bakina. Ƙato da gemunsa ya ce tsoro yake ji, a ce na me, ya ce bai sani ba?

Wata Laraba bayan azahar ina ɗinka wuyan riga, na ɗaga kai na ga Keke Napep biyu sun wuce babu fasinja. Shi ke nan abin da na gani, wallahi. Amma jikina ya riga ya yanke cewa an fara. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai ƙarar ƙofa na ji a hannuna.

Ina durƙushe a cikin duhun shagon na ji ƙofar mai walda ta sauko, ta mai kemis ta biyo, sai gudu, sai ihu, sai muryar Madam tana kiran Yesu. Na lalubo wayata na duba. Babu kira ko ɗaya.

Da zuciyata ta sassauta na ɗaga ƙofar. Bokitai a warwatse har tsakiyar titi, ga silifas ɗin Madam ƙafa ɗaya a bakin kwata. Babu abin da ya faru a Jos ranar. Ita kuwa a wajen gudu ta faɗa kwata, ta karye a tsintsiyar hannu.

'Yan layi suka yi ta tsine wa masu yaɗa jita-jita, ni ma ina gyaɗa kai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba wanda ya san ƙofar da ta fara sauka, sai Madam. Bayan mako uku ta dawo da hannu a ɗaure, ta tsaya a bakin shagona.

"Oga Tela, wane labari ka ji ranar?"

Da na ce wani ne ya kira ni, da ta yarda. Na ce, "Ban ji komai ba, Madam. Tsoro ne ya kama ni."

Ta ce, "To, Allah ya ba ka lafiya," ta koma ta zauna.

Daga baya na ga wata likita. Ta ce ciwon fargaba ne, kuma ana samun sauƙi. Jikina ya koyi yin gargaɗi a lokacin da gargaɗin ke ceton rai, yanzu kuma ya kasa bambance haɗari da inuwarsa, kamar karen gidan da ɓarayi suka taɓa shiga, ganye ya motsa sai haushi. Ta koya mini in zauna in ja numfashi a hankali har abin ya wuce. Yana wucewa kuwa.

Kwanakin baya aka yi mana rasuwa, aka kira ni jana'iza da hantsi. Cikin sauri na manta, na fizgo ƙofar da ƙarfi. Ƙarar na shiga kunnena na juya a firgice don in ce wa Madam ba komai ba ne, kada ta gudu.

Tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ko kai ba ta ɗaga ba.

Da can tsorona ba shi da dalili, yanzu yana da shi. Ranar da wayata za ta yi ƙara da gaske, zan ja ƙofar nan da duk ƙarfina, kuma ban san ko Madam za ta tashi ba.