Madarar da Na Ba Kyanwar Inna

Kyanwar ta Baba ce tun asali. Shi ya tsinto ta a wata tungar masunta tana 'yar mitsitsiya, ya sako ta cikin hularsa ya kawo ta gida a jirgi, ya ce ga mai gadin ɗakin banda. Gidanmu yana wani ƙauye a bakin tafkin Kainji, gaba kaɗan da Wara, kuma sana'ar gidan ɗaya ce: Baba ya kamo kifi, Inna ta yi banda. Duk ɗakin da ake ajiye busasshen kifi ɓera ba ya rabuwa da shi, don haka kyanwa a wurinmu ma'aikaciya ce. Wannan kuwa har da zuwa taryar maigida. Da ta ji ƙarar injin jirgin Baba sai ta miƙe ta nufi bakin ruwa, ta rako shi har tsakar gida.

Da Baba ya rasu, Inna ta shiga takaba, kyanwar ta koma wurinta ɗungurungum. Ni ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Yauri, sai da aka yi hutu na samu na je na zauna da ita. Na tarar 'yan zaman makoki sun watse, gida ya yi tsit, Inna tana sayen kifi wurin masunta a ƙofar gida tana ci gaba da bandarta, tun da ba ta fita. Abokiyar hirarta ɗaya, kyanwa. Mussa take ce mata, irin ta mutanenmu. Tana juya kifi a kan raga tana ba ta labarin wanda ya zo gaisuwa da wanda bai zo ba, ita kuwa tana kwance a gefen murhu tana lumshe ido. Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka a gabana ba, amma na sha jin muryarta tana rawa in tana yi wa kyanwar zancen Baba.

Abin da ya tsone mini ido shi ne abincin da ake ba ta. Gida cike da tarwaɗa da ƙarfasa, amma rabon kyanwa bai wuce gayan tuwo ɗan ƙanƙane ba, a marmasa masa dafaffen kifi a ciki, ba mai ba yaji, sau biyu a yini. Kayan cikin kifi kuwa, binne su Inna take yi don kada ta kai gare su. Na dubi kyanwar na ga siririya, na ce wa Inna wannan ai rowa ce. Ta yi dariya ta ce, "Malama, mussa in tac cika ciki ba ta aiki. Kuma cikinta ba awa naki ba na. Ki bar ta ga abin da tas saba."

Malama take kirana in za ta zolaye ni, kuma in ta kira ni haka raina ɓaci yake yi. Ina da taurin kai, wannan kowa ya sani a gidanmu, ga shi kuma na yi boko na ɗauka babu abin da ya ɓuya mini. Na sha gani a talabijin ana zuba wa kyanwa madara a faranti tana lasa, ta yi ɓul-ɓul, gashi na sheƙi. Na zo wa Inna da babban gwangwanin madarar gari don shayi, ita kuwa ba ta damu da shi ba, kununta ya ishe ta. Sai na fara dama madarar da kauri a wata 'yar tasa, in kai bayan randa in ajiye, daidai lokacin da Inna take sallar walaha. Wani lokaci har in ƙara mata da guntun soyayyen kifi mai naso da mai. Kyanwar ta riƙa lashe tasar tas, ta zo tana goga jikinta a ƙafata. Na ji daɗi ƙwarai, ina ganin na ƙwato wa marainiya haƙƙinta.

Kwana biyu da farawa, zawo ya tsinke mata. Da can ba wanda ya san inda take biyan buƙatarta, can bayan danga take zuwa ta tona yashi ta rufe. Yanzu sai ga shi a tsakar gida, ruwa-ruwa, ga wari. Inna ta tsuguna ta duba da tsinke, ta ce babu jini, babu tsutsa, wani abu dai ta ci. Ta hana ta abinci daga safe har la'asar, ta ajiye mata ruwa mai tsabta, sannan ta dafa ƙarfasa ba gishiri, ta cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ta cuɗa da shinkafa mai laushi, ta riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Kafin magariba cikin ya lafa. Da gari ya waye na dubi kyanwar na ga ta faɗa, na ce a raina mara lafiya ai abu mai gina jiki take buƙata. Na ƙara kaurin madarar.

Haka muka yi ta yi kusan mako biyu, Inna tana gyarawa da yamma, ni ina ɓatawa da hantsi. Ta zargi ramin da take binne kayan ciki, ta sa aka ɗora masa dutse. Ta zargi maƙwabta masu shanya warangi, ƙananan kifin nan da ake bazawa a rana, ta aika a roƙe su su riƙa korar ta. Wata rana muna tsintar shinkafa, ta ɗago kai ta dube ni.

"Ke, ba ki ba ta komi ba dai ko?"

Na ce, "A'a."

Har yau ina jin yadda kalmar ta fito mini a sauƙaƙe. A lokacin ban yarda madara na iya yin haka ba, abin da ake ba jarirai. Amma in zan faɗi gaskiya, ba wannan ne ya hana ni magana ba. Ba na so ne Inna ta ce ai ta gaya mini, ta sake kirana Malama. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsinta, ba ta sake tambaya ba.

Ana gobe kasuwar Yauri abin ya kai inda ba a so. Inna ta shiga ɗakin banda da safe don ta ɗaure kwalayen da ƙanenta, Kawu, zai kai mata, ta tarar kyanwa ta ɓata kwali guda na tarwaɗa, aikin kwana uku. Wata maƙwabciya ta ce a wanke a mayar kan wuta, wa zai sani. Inna ta ce najasa ce, ba za ta sayar wa mutane abin da ita ba za ta kai baki ba. Aka tona rami aka binne. Bayan kwana biyu kuma kyanwar ta yi a kan sallayar Inna. Mata suka shigo kowa da tata: wata ta ce tsufa ne, wata ta ce ciwon ya zauna mata ke nan, wata ma cewa ta yi tun da maigidan ya tafi ita ma ba za ta daɗe ba.

A wurinmu ba a kashe kyanwa, kowa na tsoron alhakinta. In ta gagara zama, sai a sa ta a buhu a ƙetare ruwa da ita a saki, domin in ta ƙasa aka kai ta, ko ina ne za ta dawo. Kawu ne ya kawo maganar, a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce sana'ar nan ita ta rage wa Inna, in magana ta fita cewa kyanwa na ɓata mata kifi, ba mai sake sayen bandarta. Inna ta ce ya zo da safe.

A wannan lokacin na riga na sha jinin jikina. Ranar da na makara ban dama madarar ba, na lura kyanwar ta yini lafiya. Na lura, na kawar da kai. Da Kawu ya zo da buhu ina tsaye a bakin ɗaki, maganar tana bakina. Abin da za a ce bai wuce kalma biyar ba. Sai na tuna kwalin da aka binne, na tuna a'ar da na ce, na ce wa kaina kyanwa ce fa kawai. Inna ba ta bari Kawu ya kama ta ba. Ita ta kira ta, ta ba ta dafaffen kifi a tafin hannu, ta shafa bayanta, ta sa ta a buhun da kanta. Ba ta iya raka su bakin ruwa ba saboda takaba. Ta tsaya daga cikin zaure har ƙarar injin jirgin ta ɓace, sannan ta koma ta hura wuta.

Sauran kwanakin hutun ban ji daɗinsu ba. Inna takan ware ɗan kifi a gefen kwano bisa sabo, sai ta tuna ta mayar. Ɓeraye suka dawo, ta riƙa rataye kifi a rufin ɗaki. Hirar da take yi a bakin murhu ta ɗauke gaba ɗaya, ni kuma ban iya maye gurbin ba, don ba na iya haɗa ido da ita.

Bayan na koma Yauri na tambayi mahaifin wata ɗalibata, ma'aikacin asibitin dabbobi, kamar labarin wata nake ba shi. Ya ce yawancin kyanwoyi in sun girma cikinsu ba ya narkar da madara, zawo take sa su, haka ma abinci mai maiƙo da sauya musu abinci farat ɗaya. Ya ce abin da tsohuwar ta yi shi ne daidai, ruwa da abinci mara nauyi kaɗan-kaɗan, sai in an ga jini ko amai ko abin ya ƙi tsayawa a kawo musu. Ya ƙara da cewa da an janye madarar, kwana biyu sun isa. Na yi masa godiya, na shiga aji na kasa rubuta komai a allo.

Na roƙi Kawu ya kai ni inda ya sake ta, wata tunga a ƙetaren ruwa. Matan tungar suka ce sun gan ta, ta yi kwanaki tana zama a bakin ruwa inda jirage ke tsayawa, lafiyarta lau, daga baya ba su san inda ta yi ba. Na zaga bayan bukkoki ina kiran mus-mus har rana ta take, Kawu ya ce mu tafi kafin iska ta taso.

Sai da shekara ta zagayo na iya yi wa Inna maganar. Na je mata da 'yar kyanwa a kwali, mai fari da baƙi kamar waccan, na zauna na faɗa mata komai, ina kuka. Ta saurare ni har na gama, tana juya kifinta.

"Na sani," in ji ta. "Ran da kinka koma, ina shara nig ga tasar bayan randa, da ɓurɓushin madara ciki."

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa ce mini komai ba.

"Mi za ni cewa? Madara dai don tausayi kinka ba ta, wanga ban riƙe ki da shi ba. Amma na tambaye ki, ɗiyata. Da hannuna nis sa ta cikin buhu."

Ta dubi 'yar kyanwar da ke kwali, ta ce in kai wa maƙwabta, su ma ɓera na damunsu. Har yau Inna rataye kifinta take yi a rufin ɗaki.